Kamun Khalifa, da kalmar "sa'a" da ta hana zauren 'yan besbol barci

Baban Khalifa: Salamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake, ku bar ni in amayar da abin da ke cikina. Mun je wasan besbol na su Khalifa da safe, na yara 'yan ƙasa da shekara 12. Aka bugo ƙwallo sama can ƙarshen fili, yaron nan ya bi ta da gudu, ya cafe ta cikin safar hannunsa, kowa ya gani. Sai ya yi karo da shingen waya ya faɗi, ƙwallon ta suɓuce. Alƙalin wasa ya ce wai ba a kama ba. Yaransu biyu suka shige gida, wato ci biyu ke nan, aka cinye mu. To ni tambayata, a 2017 Austin Jackson na Cleveland ya kama bugun Hanley Ramirez a filin Fenway na ƙungiyar Red Sox ta Boston, ya wuntsila ta kan katanga ya faɗa waje ɗungurungum, aka ce kamu ne. Wanda ya bar fili an ba shi, ɗana da ke cikin fili an hana shi. Kuma kamun Jackson ɗin ma sa'a ce tsagwaronta. Ina adalci?

Sani Cleveland: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Khalifa haƙuri. Amma Yaya, sa'a ka ce? Sa'a?

Baban Khalifa: Ita na ce. Ya miƙa hannu ne kawai, Allah ya sa ta faɗa ciki.

Sani Cleveland: Mutum ya taso tun daga tsakiyar fili da gudu, idonsa a sama, ya san katanga na gabansa, ya yi tsalle daidai lokacin da ya kamata, ya juya ƙafa sama kai ƙasa, ya tashi da ƙwallo a hannu. Mutanen Boston da kansu suka tafa masa, a gidansu. Kai da kake goyon bayan Red Sox ka fi su jin zafin ne?

Baban Khalifa: Sun tafa don sun san za su ci wasan. 12 da 10 aka tashi, je ka duba.

Sani Cleveland: Lokacin da suke tafin duba suka yi suka gano sakamako? Kuma in sa'a ce, me ya hana ta zo wa Torii Hunter? A 2013, wannan katangar dai, David Ortiz na Boston ya buga, Hunter ya bi ta ya wuntsila ciki, ƙafafu a sama, hannu wayam. Har ɗan sandan da ke tsaye a wurin ya ɗaga hannu yana murna. Katanga ɗaya, faɗuwa ɗaya, wani ya fito da ƙwallo wani bai fito da ita ba.

Isuhu Maraɗi: To ai ka kashe kanka da bakinka, Sani. Abu ɗaya mutum biyu suka yi, ɗaya ya samu ɗaya ya rasa. Mene ne sunan wannan in ba sa'a ba?

Malama Bilki: Baban Khalifa, bari in amsa maka abin da ka tambaya, don shekara uku ke nan ina riƙe takardar maki a wasan 'yata. Doka ba ruwanta da inda jikinka ya ƙare. Abu biyu take dubawa. Na farko, lokacin da ƙwallo ta shiga hannu, ƙafarka ɗaya aƙalla tana kan fili ko tana saman fili, kuma babu wadda ta taka waje. Jackson yana sama ta gefen fili ya kama, daga baya ya faɗa. Na biyu, sai ka riƙe ta gam har ya zama kai ne ka sake ta da ganin damarka. In ka yi karo da katanga ko da ɗan wasa, ko ka faɗi, ta fita saboda karon, to ba kamu ba ne, ko da ta fara zama cikin safar. Khalifa a na biyun ya faɗi. Alƙalin bai zalunce ku ba. Kuma faɗawa waje ma ba kyauta ba ce: in da akwai masu gudu a kan bes, wato matsayar da suke takawa kafin su dawo gida, kamun yana nan, amma za a tsayar da wasa a ƙara wa kowannensu bes ɗaya.

Alhaji Ɗanladi Bronx: Ku yara kuna ta maganar Jackson. In ana zancen kamu, a fara da Derek Jeter na Yankees, 1 ga Yuli 2004, zagaye na 12, da Red Sox ɗin nan taku. Ya kama bugun Trot Nixon yana gudu, ya afka cikin kujerun 'yan kallo da fuska, ya fito jina-jina. Wannan shi ne namiji. Nan ba maganar sa'a.

Baban Khalifa: Ranka ya daɗe Alhaji, da girmanka, amma Jeter ya riga ya kama tun yana cikin fili, ya ƙara taku ya faɗa. Birki ne ya ƙwace masa. Kamun kansa ba wani abin a zo a gani ba ne, jinin ne ya sa ake tunawa.

Alhaji Ɗanladi Bronx: Kai ka taɓa gudu irin wannan ka tsaya cak? Daga mota zuwa ƙofar masallaci ma haki kake yi.

Awudu Kumasi: Alhaji ya yi gaskiya. Mu nan Bronx mun san Jeter.

Sani Cleveland: Awudu kullum Alhaji ya yi gaskiya. Ko Alhaji ya ce rana daga yamma take fitowa.

Awudu Kumasi: Shi ya ɗauko ni daga filin jirgi ranar da na sauka ƙasar nan. Kai ina kake?

Nura Houston: Tunda Alhaji ya ce a gidansu ba sa'a, a tambaye shi 1996. Wasan farko na jerin wasannin kusa da na ƙarshe da Baltimore, Jeter ɗin dai ya buga, Tony Tarasco yana tsaye jikin katanga yana jiran ta sauko, wani yaro ɗan shekara 12 ya zuro hannu daga cikin 'yan kallo ya janye ta. Alƙali Rich Garcia ya ce homron ne, wato bugun da ya haye katanga. Wannan me za a kira shi? Gwanintar yaron?

Alhaji Ɗanladi Bronx: Abin da alƙali ya yanke shi ne hukunci.

Baban Khalifa: Au, yanzu kuma alƙali ba ya kuskure?

Sani Cleveland: Yaya, ka lura dai, in Alhaji ya yi daidai to ƙararka ta mutu.

Nura Houston: Mu kuma aka yi mana akasin haka. 2018, wasa na huɗu da Boston a gidanmu. Jose Altuve ya buga, Mookie Betts na Boston ya yi tsalle, safarsa ta haɗu da hannun 'yan kallo, ƙwallo ta dawo fili. Betts bai kama komai ba, amma alƙali Joe West ya ce Altuve ya fita, kamar an kama. An hana mu ci biyu, kuma da ci biyu aka doke mu, 8 da 6. Mutum bai kama ba an rubuta masa, Khalifa ya kama an hana shi.

Malama Bilki: Wannan dokar daban ce, Malam Nura. In ɗan kallo ya zuro hannu cikin fili ya hana kamu, mai bugu ya fita. In ɗan wasa ne ya kai hannunsa cikin 'yan kallo, to shi ya kai kansa, duk abin da ya same shi ba ruwan alƙali. Rigimar 2018 duka a kan ina hannun Betts yake ne.

Nura Houston: A cikin 'yan kallo yake. Na gani da idona.

Baban Khalifa: A talabijin ka gani kamar kowa. Kuma ka manta yadda wasan ya ƙare: bes uku cike da mutanenku, Alex Bregman ya buga, Andrew Benintendi ya yi sufa ya ɗauke ta dab da ciyawa. Wannan shi ne kamu.

Sani Cleveland: Ba sa'a ba?

Baban Khalifa: Wannan lissafi ne.

Sani Cleveland: Jama'a ku shaida. In mai jar safa ya yi, lissafi ne. In namu ya yi, sa'a ce.

Alhaji Ɗanladi Bronx: Ni mamakina ɗan Houston da ke kukan zalunci. Ku da kuka ɗauki kofin 2017 da kyamara da dukan garwar shara, kuna sanar da mai bugu irin jifan da ke zuwa. Mu kuka fitar a wasa na bakwai a shekarar.

Nura Houston: An hukunta mu, an wuce wurin. Kuma Alex Cora da ke cikin maganar, shi ne kocin Boston a 2018, don kada Baban Khalifa ya yi dariya da yawa.

Baban Khalifa: Ni me ya kawo ni cikin garwarku?

Dakta Kabiru: Ku yi haƙuri in sa baki. Ni da na yi karatu a Indiya, wannan dokar taku dariya take ba ni. A kurket, in ka taka igiyar iyaka da ƙwallo a hannu, ba kamu, mai bugu ya samu shida. Shi ya sa a wasan ƙarshe na kofin duniya na T20, wato gajeren salon kurket, a 2024, Suryakumar Yadav ya kama bugun David Miller, ya ga zai fita, ya cilla ta sama, ya fita, ya dawo ya sake cafewa. Kuma da tsurar hannu, ba wannan faifan da kuke sawa ba.

Awudu Kumasi: Dakta, nan zauren besbol ne.

Isuhu Maraɗi: Tsurar hannu mu ma muna da shi. Kevin Mitchell na Giants a 1989, ya wuce ƙwallo da gudu, ya miƙa hannun da ba safa ya damƙe ta.

Sani Cleveland: Ka ji sa'a ta gaskiya. Kuskure ya yi, ya gyara da hannu.

Malam Habu: Ni ina karantawa ne tun ɗazu. Duk wanda kuka ambata, a bayan Willie Mays na Giants yake, wanda ya mutu a Yunin 2024 yana da shekara 93. Ranar 29 ga Satumba 1954, wasan farko na World Series, wato jerin wasannin ƙarshe na cin kofi, filin Polo Grounds a New York. Zagaye na takwas, 2 da 2, mutum biyu a kan bes. Vic Wertz ya buga ta wuce ƙafa 400. Mays ya juya baya ga fili yana gudu, ya karɓe ta ta saman kafaɗa. Abin da mutane ke mantawa shi ne jifan: yana kamawa ya juya ya wurgo ta ciki har hularsa ta faɗi, Larry Doby bai wuce bes na uku ba. Giants suka ci 5 da 2, suka share wasa huɗu a jere.

Nura Houston: Malam Habu, wa suka share?

Malam Habu: Cleveland.

Sani Cleveland: Filin ne ya taimake shi. Tsakiyar Polo Grounds kamar gonar gandu take. A wani filin da tuni ƙwallon ta haye katanga, ba abin da zai kama.

Baban Khalifa: Wato sa'a ce?

Sani Cleveland: Ban ce sa'a ba. Na ce fili.

Baban Khalifa: Ka faɗa mana bambancin.

Isuhu Maraɗi: Ƙafa 400 ɗin nan mita nawa ne? Ku riƙa magana yadda mutane za su gane.

Dakta Kabiru: Kusan mita 122.

Isuhu Maraɗi: To bai kai yadda kuke zuzutawa ba.

Malam Habu: Je ka gwada, da bayanka a juye.

Malama Bilki: Ga misalin da ya dace da Khalifa, in akwai mai saurare. Yuli 2009, Mark Buehrle na White Sox ya kai zagaye na tara ba wanda ya taka bes. Gabe Kapler ya buga za ta fita, DeWayne Wise ya haye katanga ya tare ta, karon ya fitar da ita daga safarsa, yana faɗuwa ya sake cafe ta da ɗaya hannun kafin ta taɓa ƙasa. An karɓa, don bai bari ta sauka ba. Ka nuna wa Khalifa bidiyon.

Alhaji Ɗanladi Bronx: Malama, ai riƙo sai a Bronx.

Nura Houston: Ƙwarai Alhaji. World Series na 2024, wasa na huɗu, 'yan kallonku biyu suka riƙe hannun Betts, wanda ya koma Dodgers, suka ɓamɓare ƙwallo daga safarsa, aka kore su daga fili. Washegari kuna gaba 5 da nema, ƙwallo ta zo wa Aaron Judge naku har gida ya sake ta, Dodgers suka ɗaga kofi a filinku. Riƙo sai a Bronx.

Awudu Kumasi: Nura, ka ji tsoron Allah. Alhaji sa'an babanka ne.

Nura Houston: Ban zage shi ba, tarihi na karanta.

Sani Cleveland: Awudu ma ya ce sa'a.

Alhaji Ɗanladi Bronx: Ya isa. A matsayina na shugaban zaure, ga abin da aka cimma. An yi ittifaƙi cewa kamun Mays na 1954 shi ne na ɗaya, kuma a New York aka yi shi. Na Jeter ne ke bi masa, ba wanda ya kawo hujjar da ta rushe shi. Na Jackson yana da kyau amma akwai sa'a a ciki, kamar yadda Sani da kansa ya amince cewa fili na taimako. Maganar 1996 hukuncin alƙali ne, an rufe ta. Houston ba su da bakin magana. Abin da Nura ya kawo na 2024 ba ya cikin batun, kuma ina jiran ya ba da haƙuri. Dakta ya buɗe zauren kurket nasa. Khalifa kuma Allah ya yi masa albarka, a kawo shi Bronx ya ga yadda ake yi.

Sani Cleveland: Yaushe na amince?

Malam Habu: Giants na ce, Alhaji, ba Yankees ba. Kuma tun 1958 suna San Francisco.

Baban Khalifa: Duk wannan surutun, har yanzu ba wanda ya ce min komai a kan alƙalin nan.

Malama Bilki: Na faɗa maka tun kafin la'asar. Hau sama ka karanta.