Yaya ake bambance tangaran na Miletus da na arewacin Iyoniya daga tsingaro kaɗai?

Bilkisu: Jama'a, ina neman ƙarin haske kan tangaran ɗin tsoffin Girkawa na Iyoniya, wato gaɓar yammacin Turkiyya ta yau, inda birnin Miletus yake a kudancinta. Idan tsingaro ne kawai a hannu mai hoton bunsurun daji, ta ina za a gane ko na Miletus ne ko na arewacin Iyoniya? Kuma me ya sa baƙin zanen wani wuri yake komawa ja?

Malam Habu: Malama Bilkisu, fara da kan dabbar. A salon bunsurun daji na Miletus, wanda ya yi ƙarfi daga wajen 650 kafin Miladiyya, ana shafe jikin butar da kunun farar ƙasa, a cike gangar jikin dabbar da baƙi, amma kai da ciki layi kawai ake zagaya musu, a bar farin yana leƙowa. Ba sa karta zanen da tsinke ko kaɗan. Da kin ga an karta ido ko kafaɗa har yumɓu ya fito, ki karkata zuwa arewa, wajen Kilazomenai da Tewos, domin su ne suka ɗauki wannan dabara daga birnin Korinti na Girka wajen 600 kafin Miladiyya. Sukan ma haɗa biyun a tulu guda, zaki a karce a sama, awaki a zagaye a ƙasa. Ki kuma juya karayar tsingaron a hasken rana: yumɓun Miletus yakan yi ƙyalƙyali sosai. Ba hujja ce yankakkiya ba, sai gwajin sinadaran yumɓu yake raba gardama. Shi ne ma ya nuna cewa yawancin abin da a da ake cewa na tsibirin Rodos ne, a Miletus aka yi shi.

Yakubu D.: Maganar ja kuma daga matoya take. Baƙin ba fenti ba ne, tataccen yumɓu ne mai ƙarfe a ciki. Gashin hawa uku ne: a buɗe iska har wajen digiri 800, komai ya yi ja, a toshe, a jefa ɗanyen itace, zafi ya kai wajen 950, komai ya yi baƙi, sannan a sake buɗewa yana hucewa. Jikin tukunyar sai ya sake shan iska, amma zanen da ya narke ya toshe yana nan baƙi. Inda shafin ya yi siriri, ko wuta ba ta kai ba, nan yake komawa ja.

Malam Habu: Kada kuma ki rikita karcen na arewa da salon da ake kira Fikellura, shi ma na Miletus ne, daga wajen 560 zuwa 494 kafin Miladiyya da Farisawa suka rushe garin. A nan siraran layukan jikin dabba suna kama da karce, alhali barinsu aka yi ba a shafa ba. Sa farce: idan babu rami, Fikellura ne. Jerin jinjirin wata a ƙasan tulu ma alamarsa ce.

Bilkisu: Na tsibirin Kiyos fa?

Yakubu D.: Shafinsa fari fat ne, ba ruwan madara ba, bangon kofin siriri, cikinsa kuma baƙi ne bisa farin shafi, da furen bado ja da fari. An tono su da yawa a Naukratis ta Masar.