Neman kalmar Hausa: hoton da ake ɗauka kafin a yanke sankarar fata

Salamu alaikum jama'a. Ina neman taimakon masu Hausa, musamman ma'aikatan asibiti da malaman lakwal. Akwai abin da likitocinmu ke rubutawa da Faransanci, "bilan d'extension", wato binciken da ake yi don a gano ko sankara ta kai wani wuri a jiki, na rasa yadda zan faɗe shi da Hausa ba tare da na yi ɓarna ba. Na ma riga na yi ɓarnar sau ɗaya.

Kawuna manomi ne a wajen Madarunfa. Ya daɗe da wani baƙin tabo a tafin ƙafa, yana cewa ƙaya ce ta taɓa sukarsa. Da tabon ya fara faɗi yana tsattsafo da jini, muka kawo shi Maraɗi. Aka gutsuri naman aka kai awo, sakamako ya dawo: melanoma, ɗaya daga cikin sankarar fata. Kada wani ya ce ciwon Nasara ne. A jikin baƙar fata ta fi fitowa a tafin ƙafa, ko tafin hannu, ko ƙarƙashin farce. Ita ta kashe Bob Marley a 1981 yana da shekara 36, daga ƙarƙashin farcen yatsan ƙafa ta faro.

Likita ya ce kafin a yi aiki sai an yi wannan bilan ɗin. Ni ne tafinta. Na ce, "Kawu, hoto za a ɗauka a ga ko cutar ta yaɗu." Da dare sai na tarar Inna ta ware masa kwano da buta, ta hana jikoki hawa tabarmarsa. Ita abin da kunnenta ya ji shi ne cuta mai yaɗuwa, irin ƙyanda da sanƙarau da tarin fuka. Sankara kuwa ba a ɗaukarta wurin wani, ko kwano ɗaya kuke ci. Ku yi tunanin da zabiya ne aka faɗa wa haka, su da rana ke jawo musu sankarar fata fiye da kowa, ga shi dama mutane na ɗari-ɗari da su. Don haka "yaɗuwa" ta fita daga lissafina.

Ga abin da nake so kalmar ta ɗauka. Sankara takan aika ƙwayoyinta gaba. Zangon farko yawanci kaluluwa ce: ta ƙafa tana sauka a matsematsi, ta hannu a hammata, ta fuska a wuya. In ta wuce nan sai huhu, hanta, ƙwaƙwalwa ko ƙashi. Likita na son sanin wannan kafin ya sa wuƙa, don aikin wanda cutarsa ke wuri ɗaya daban yake da na wanda tasa ta yi nisa. Ga na'urorin da ake ɗaukar hoton da su. Eko na duba kaluluwa da amon sauti. Sikana na yanka hoton ƙirji da ciki fala-fala kamar albasa. IRM, mai aiki da maganaɗisu, ta fi gwaninta a ƙwaƙwalwa. Akwai kuma PET, inda ake sa wa mutum wani sukari mai alama a jijiya bayan ya yi awanni bai ci komai ba, wurin da ya fi haɗamar sukarin sai ya haska. Ba kowa ake yi wa duka ba. Melanomar da kaurinta bai kai milimita 1 ba, kuma kaluluwa ba ta kumbura ba, galibi yanke ta kawai ake yi.

To, me za mu kira shi?

Na dawo bayan la'asar, na ga amsoshi. Na gode.

Mai cewa "hoton ciki": yaya, in ka faɗa wa tsoho haka zai tambaye ka wata nawa. Mata sun riga sun mallake wannan kalma, har da "awo". Mai cewa "duba" kuma, a garin nan in aka ce an je duba, ƙasa aka bugo.

Wani malamin lakwal daga Tibiri ya kawo "yaɗo", irin na kabewa da duma. Malam, wannan ta burge ni, don ba ta da warin annoba. Sai dai yaɗon kabewa a haɗe yake da uwarsa, kana iya bin igiyar da hannu har gindi. Ya dace da sankarar da ke cin naman da ke kewaye da ita. Amma wadda ta bar ƙafa ta ɓullo a huhu ba ta bar igiya a tsakani ba. Ko "saiwa" aka ce, matsalar ke nan ita ma. Mu ajiye "yaɗo" don wancan aikin, kada ta ɓace.

Wata ma'aikaciyar jinya ta ce su dai "za a yi maka sikana" suke cewa, a wuce wurin. Hajiya, na san layin majinyata yana da tsawo. Amma sunan na'ura ne wannan, bai gaya wa mutum abin da ake nema ba. Kawu da kansa ya fito daga ɗakin sikana yana tambayata ko an ƙone ciwon ke nan. Ya zaci hoton ne maganin.

Sai wani ɗan kasuwar dabbobi ya rubuto "bin sawu". Na tashi zaune. Kowa a ƙasar nan, daga Dakoro har Ɗan Isa, ya san yadda ake bin sawun bijimi in ya ɓalle. Har na fara murna, na karanta wa Kawu. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, ba a bin sawu sai an tabbata dabba ta fita. Kai ka ce mini ba a sani ba tukuna." Gaskiyarsa. In ka ce wa majinyaci za a bi sawu, ka riga ka yanke masa hukunci. Na ce to me ake yi in ana shakka? Ya ce a zagaya bayan garke da sassafe a nemi sawu.

Neman sawu. A nan na tsaya, kuma ga dalilina.

Na ɗaya, ba ta ce an samu ba. Na biyu, ta fi "hoto" faɗi, kamar yadda bilan ɗin ya fi hoto faɗi: lalube kaluluwa da hannu neman sawu ne, awon jini ma haka. In na'ura ake nufi sai a ce hoton neman sawu. Abin da ya fi ja na kuwa shi ne yadda take faɗin sakamako. Likita mai gaskiya ba ya cewa babu komai, cewa yake ba a ga komai ba, don 'yan ƙwayoyin da ba su taru suka yi ƙulli ba, babu na'urar da ke ganinsu. Da Hausa sai ka ce "ba a ga sawu ba", kuma duk wanda ya taɓa kiwo ya san dabba na ratsa fako ba ta bar alama ba. Shi ya sa wani lokaci, ko hoto ya fita fes, ake ciro kaluluwar zangon farko a duba ta a madubin awo, kuma ake cewa a riƙa dawowa. Haka nan akan ga sawu ya zama na akuyar maƙwabta: tsohon tabon tarin fuka a huhu na iya kama da sankara a hoto, sai an sake bincike.

Wani ya ce kalmar ta yi ƙauyanci, ba za ta shiga takardar asibiti ba. Ranka ya daɗe, tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, takardar ce za ta saba. Ɗaliban likitanci na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke cikinmu, ku gwada ta a bakin gado ku gaya mana yadda aka karɓe ta.

Saura "métastase" kanta, wato ƙullin da aka tarar a can nesa. Wani ya ce "ɗiyar sankara", wani ya ce "sabon zango". Ban yanke ba tukuna, ina jiran masu Damagaram su sa baki.

Na sake yi wa Inna bayani da sabuwar kalmar. Kwanon Kawu ya koma cikin sauran. Jibi da safe za mu karɓo sakamakon sikana, a sa mu a addu'a.