An ɗaure min mota a matsayar bas, allon kuma a rufe yake: ta ina ake ƙalubalantar tarar?

Mai Shago a Nima

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema. Jiya da hantsi na ajiye mota a bakin wani babban titi cikin Accra, a wurin da kwalta ta ɗan shiga ciki, na tsallaka karɓo kaya. Da na dawo na tarar an ɗaure tayar gaba da ƙarfe, an manna takarda a gilashi wai na yi fakin a matsayar bas. Fentin ƙasa ya goge, allon kuma lemar wata mai talla ta rufe shi. Yanzu sun ja motar zuwa filinsu. Takardun motar da sunan yayana suke. In biya ne tukuna, ko in ƙi? Kuma wa ake kai wa kuka?

Tsohon Direban Maamobi

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya kiyaye gaba.

Kafin komai, duba kan takardar nan ka ga tambarin wa ke jiki, domin hanya biyu ce kuma ba sa haɗuwa. Idan ta 'yan sandan MTTD ce, wato sashen kula da zirga-zirgar motoci, maganarka tana ƙarƙashin dokar hanya ta 2004, wato Act 683, da ƙa'idojinta na 2012, L.I. 2180, ƙarshenta kuma gaban alƙali ne. Idan ta asambili ce, wato majalisar ƙaramar hukuma, suna aiki ne da dokokin cikin gida da Act 936 ta 2016 ta ba su ikon kafawa, kuɗin kuma yana cikin jadawalin kuɗaɗe da majalisar ke amincewa da shi duk shekara. Ɗaure taya da jan mota yawanci aikin 'yan asambili ne. Sai dai ka lura wace asambilin ce, tunda an rarraba Accra. Nima tana ƙarƙashin Ayawaso East, Maamobi tana Ayawaso North, Adabraka da Osu suna Korle Klottey, AMA kuma, wato babbar asambilin Accra, ta rage da tsakiyar gari. Mutane da yawa suna kai takardar koke inda ba can aka kama su ba, ta kwanta a kan tebur har maganar ta mutu.

Yau ɗin nan, kafin ka je ofishi, koma wurin da waya. Hoton kusa kaɗai ba ya amfani. Ka ja baya kamar taku talatin ta inda mota ke zuwa, ka tsaya daidai inda idon direba zai kasance, ka ɗauka yadda za a ga lemar ta tare allon. Ka matso ka sake ɗauka, sannan ka ɗauki ƙasa inda fentin ya goge, ka haɗa da wani gini ko allon shago da zai nuna wurin ne ba wani ba. Bidiyo na minti ɗaya kana tafe a hankali ya fi hotuna goma. Ka je a irin lokacin da abin ya faru, saboda masu talla suna kwashe lema da yamma, allon ya fito fes, hujjarka ta rushe. Kada ka tura hotunan ta WhatsApp ka goge na asali, domin kwanan wata da lokacin da ke cikin hoton suna ɓacewa a turawa.

Batun biya kuwa, ni dai ina ganin ka fitar da motar. Mota a filin kamu asara ce kullum: akwai inda ake lissafa kuɗin kwana, batir yana mutuwa, wani lokaci madubi ko fitila su yi ƙafa. Amma a teburin karɓar kuɗi na ofishi za ka biya, a ba ka rasit na gwamnati, wanda ake kira GCR, mai lamba a buge, da adadin da ka biya daidai. Duk wanda ya ce ka tura momo, wato kuɗin waya, zuwa lambarsa, ko ya ce zai rage maka in ba ka son rasit, ka ba shi haƙuri. Kuɗin da babu rasit ba ka da bakin nemansa gobe, kuma kai ma ka shiga laifin ba da cin hanci. Kafin ka sa hannu a takardar sakin mota, zagaya ta ka duba bamba da ƙasan gaba, nan ne ƙugiyar motar ja ta fi yin ɓarna. In ka ga lahani, a rubuta shi a takardar kafin ka fita daga ƙofa.

Tunda sunan yayanka ke kan takardun DVLA, hukumar rajistar motoci da lasisi, ku tafi tare, ko ya ba ka wasiƙar izini da kwafin Ghana Card ɗinsa. Ka tabbata inshora da takardar lafiyar mota ba su ƙare ba, kada ka je neman sauƙin laifi ɗaya ka tono na biyu.

Ɗalibar Doka daga Madina

Baba ya kawo kusan komai, Allah ya saka da alheri. Zan ƙara ta ɓangaren rubutu da kotu.

Yayana, idan za ka biya, ka shigar da wasiƙa a ranar, ko washegari in ya yi nisa, ka faɗi a fili cewa ka biya ne don a sakar maka mota, ba don ka amsa laifi ba. Da Turanci za a rubuta, shafi ɗaya ya isa, zuwa ga Daraktan Gudanarwa na asambilin. A ciki a sa lambar mota, rana da lokaci, sunan titi, lambar takardar da aka manna, lambar rasit, sai dalilinka cikin jimla uku ko huɗu, sai abin da kake nema: a soke tarar a mayar da kuɗi. Ka buga hotunan a takarda ka haɗa. Kwafi biyu za ka kai, su karɓi ɗaya, su buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a ɗayan. Rasit na asali ya zauna a hannunka. Kowace asambili tana da kwamitin hulɗa da jama'a da karɓar koke, wanda shugaban zaman majalisa ke jagoranta, ka ba su kwafi, ka kuma sanar da asambiliman, wato kansilan unguwarku. In kana shakkar adadin da aka caje ka, ka nemi a nuna maka layin a jadawalin kuɗaɗen bana. In sun ƙi, dokar 'yancin samun bayanai ta 2019, Act 989, ta ba ka damar nema a rubuce, kuma kwana 14 suke da shi su ba da amsa.

In shiru ya yi yawa, akwai CHRAJ, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam da adalcin gudanarwa. Kyauta ake kai koke, suna duba zaluncin hukumomin gwamnati, amma kada ka bari ya wuce wata 12. Sashe na 23 na kundin tsarin mulkin 1992 ne madogararka, shi ya wajabta wa jami'an gwamnati yin adalci da bin ƙa'ida.

Idan kuma maganar ta kai kotu, ka je ranar da aka sa, da sassafe. Rashin zuwa shi ke jawo takardar kamu, ƙaramin abu ya zama babba. Za a karanta tuhuma a tambaye ka. A nan mutanenmu suka fi faɗawa rami: sai su ce sun amsa laifi amma suna da bayani, suna zaton hakan musu ne. Wannan amsa laifi ce, bayanin yawanci sassauci kawai yake nemowa, sai fa in alƙali ya ga bayanin ya kore laifin ya rubuta maka ƙin amsawa da kansa. In ka yarda da hujjarka, ka ce ba ka amsa ba, nauyin tabbatarwa ya hau kan mai gabatar da ƙara. Kana da haƙƙin tafinta kyauta, ka ce da Hausa za ka yi magana, babu abin kunya a ciki. Tarar kotu da awo ake yanke ta, kowane awo sidi 12 ne, wato in ka ji an ce 25, sidi 300 ke nan.

Ɗan Aboabo

Daga Kumasi nake, tsarin ɗaya ne, mu ma Aboabo da Asawase suna ƙarƙashin Asokore Mampong tun 2012, Adum da Kejetia kuma na KMA, babbar asambilin Kumasi. Amma Malam, gara a gaya maka gaskiya kan ƙarfin hujjarka. Wurin da kwalta ta shiga ciki a babban titi, don trotro, wato ƙananan motocin haya, da bas aka yi shi, kuma za su ce duk mai lasisi ya san haka ko babu allo. In akwai rumfar jiran fasinja a wurin, ko mutane a tsaye suna jira, rufewar allo ba za ta ɗauke ka ba. Cewa minti biyar kawai ka yi, ko ka kunna fitilar gargaɗi, ko ka ga wasu motoci a ajiye, duk ba sa aiki, tunda ka fita ka bar motar. Dokar ma tana da dalili: motarka tana cikin wurin, trotro sai ya tsaya a kan titi, tsohuwa da kaya a ka ta sauka tsakanin mota da okada.

Abin da ke aiki shi ne kuskure a takardar, kamar lambar mota ko sunan titi, ko adadin da ya zarce na jadawali, ko lalacewar mota in kana da rasit ɗin makaniki na ranar, ko wurin da babu wata alama ko ɗaya. Mayar da kuɗi daga asusun gwamnati yana da jinkiri sosai, ka auna yawan tarar da ranakun da za ka rufe shago.

Mai Shago a Nima

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ta asambili ce, kuma babu rumfar fasinja a wurin. Na lura sun rubuta harafin ƙarshe na shekarar lambar motar ba daidai ba. Wannan ya isa?

Ɗalibar Doka daga Madina

Shi kaɗai da wuya, Yayana, tunda motar tana hannunsu, za su ce kuskuren alƙalami ne su gyara. Ka ɗauki hoton takardar gaba da baya tun kafin ka miƙa ta, ka sa kuskuren a matsayin dalili na biyu. Na farko shi ne babu rumfa, babu fenti, allo a rufe. In mai lemar za ta yarda, ka karɓi lambarta, a rubuta a wasiƙar cewa akwai shaida da za a iya kira.