Wace karta za mu yi mu shida, daga ɗan shekara 7 zuwa mai 68?

Maman Ikram:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, amma ku yi haƙuri sai na ɗan yi shimfiɗa.

Makon jiya ina gyaran akwatin marigayi babanmu sai na ci karo da kartarsa a can ƙasa, an ɗaure ta da roba, robar har ta narke ta manne da ta saman. Na ƙirga na samu 51, sai wani guntun kwali da aka yanka daidai girman sauran, an rubuta 7 da jan biro, an zana zuciya a karkace. Ni na zana ta ina 'yar firamare, ranar da ƙanina, yana rarrafe lokacin, ya tauna ta gasken. Shekara da shekaru muka yi muna wasa da kwalin nan. Duk wanda ya hango bayansa ya san me ke hannunka, kuma ba wanda ya taɓa cewa a sayo sabuwa. Baba idan ta faɗo masa ma ɗaga ta yake yi sama ya ce, "Ga ta nan a wurina, kowa ya yi abin da zai yi."

Na sha kuka a wurin, ba zan ɓoye muku ba. Da na nuna wa yarana sai babbar ta ce ai su ma suna yin karta, ta miƙo min waya. Ashe su ukun kowa da Uno a wayarsa, suna zaune kan kujera ɗaya amma kowa da baƙin da yake wasa da su, ba mai ko tari.

To, ina so in dawo da zaman nan. Mu shida ne: ni, maigidan, surukata mai shekara 68, da yara uku, ƙaramin ɗan 7. Wane wasa ne zai ɗauke mu duka ba tare da ƙaramin ya gaji ko babba ya raina ba? Sannan ku gaya min gaskiya, daɗin da nake tunawa na kartar ne ko kewar Baba ce kawai take ruɗa ni?

Tsohon Direba:

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan mahaifinki, ya sa ya huta.

Ba kewa ce kaɗai ba. Na haura shekara arba'in ina wasan nan da abokai uku, ɗaya ya riga mu gidan gaskiya, ɗansa ya gaji kujerar. Abin da waya ba za ta ba ki ba shi ne fuska. Akwai abokina, duk lokacin da ya samu karta mai kyau sai ya fara sosa kunnen hagu yana waƙa ƙasa-ƙasa. Shi bai sani ba har yau, kuma wallahi ba mai gaya masa. Wani kuma idan hannunsa ya lalace sai ya tsiri tambayar lafiyar iyalinka ɗaya bayan ɗaya, wai don ka shagala. Ni rabin wasan nan mutane nake kallo, takardun hannuna leƙa su kawai nake yi.

Sai kuma gardama. Waya ba ta yarda ki jefa abin da bai dace ba, sai ta ƙi karɓa, shi ke nan magana ta ƙare. A gaban mutane kuwa sai wani ya jefa, a yi ca a kansa, ya rantse haka ake yi tun yana yaro, a yi ta ja har a manta layin wa ne. Wannan hayaniyar ita kike tunawa.

Ku yi wanda ake bin lamba ko alama, wanda ya fara ƙarar da na hannunsa ya ci. Ku raba biyar-biyar, ku shida 30 ke nan, saura 22 a kasuwa. Za ta yi saurin ƙarewa, don haka ki haɗa karta biyu. Ƙaramin kuma kada ku riƙa bar masa ci. Yara suna ganewa, kuma yana ƙona musu rai fiye da faɗuwar.

Ɗalibin Lissafi:

Anti, maganar gardama da Baba Direba ya yi ta tuna min wani abu. Uno ɗin da yaranki suke yi ma daga gardamar gida ta fito. Wani mai aski ne a jihar Ohio ta Amurka, Merle Robbins, suka yi ta musu da ɗansa kan dokokin wani tsohon wasan karta da ake mayar da lamba 8 ta zama komai. Sai ya zauna ya tsara nasa a 1971, aka rubuta aikin kowace karta a jikinta don a huta. Amma ba a huta ba. A 2019 kamfanin ya fito ya ce a doka ba a ɗora "ɗauki 2" a kan "ɗauki 4" a tura wa na gaba, wanda aka jefa wa shi zai ɗauka a tsallake shi. Mutane suka yi musu caa, kowa ya ci gaba da yin yadda aka saba a gidansu.

Whot ma za ta yi muku, wadda William Storey ya fitar a Ingila a 1935. Alamominta da'ira, kuros, alwatika, murabba'i da tauraro ne, yaro ɗan 7 zai kama su nan take.

Abu ɗaya da nake roƙo: ku riƙa cakuɗawa sosai. Wasu masana lissafi biyu, Bayer da Diaconis, sun nuna a 1992 cewa karta 52 tana buƙatar wajen sau bakwai na irin cakuɗar da ake raba ta biyu a saƙa su cikin juna kafin ta gaurayu da kyau. Sau biyu ko uku da yawancinmu ke yi, jerin wasan baya yana nan a ciki. Idan kuwa ta gaurayu, yawan hanyoyin da 52 za su iya jeruwa lamba ce mai gurbi 68. Wato kusan tabbas jerin da ke hannunki ba a taɓa yin irinsa ba tun da aka fara karta. Ni wannan kaɗai yana sa in ji wani iri idan ina rabawa.

Ummu Sadik:

Maman Ikram, ni zan ɗan zuba ruwan sanyi. A gidanmu karta ba ta bar mana tarihi mai daɗi ba. Wani kawuna da wasan banza ya fara, daga baya aka ce a ɗan sa wani abu don wasa ya yi armashi, ƙarshenta sai da keken ɗinkin matarsa ya tafi. Don haka in za ki fara, ki kafa doka tun ranar farko: ba kuɗi, ba wani abu a madadin kuɗi, ko da wasa. Ki kuma yanka lokacin tashi. "Bari mu yi na ƙarshe" ƙarya ce da kowane ɗan karta yake yi sau biyar a dare ɗaya.

Malam Mai Tarihi:

Gaskiya Ummu Sadik ta faɗa, kuma tsoron nan tsoho ne. Karta ta shiga Turai wajen shekarun 1370, kuma da yawa daga rubuce-rubucen farko da suka ambace ta dokokin hana ta ne. Daga Masar ta zamanin Mamluk ta isa can. Akwai ragowar irin tasu a fadar Topkapi da ke Istanbul, alamominta kofi, tsabar kuɗi, takobi da sandar wasan folo, kuma ba hoton mutum a jiki, sai ado da rubutu. Manyanta su ne malik, wato sarki, da na'ib ɗinsa, ana kyautata zaton shi ya sa har yau a Sifaniya ake ce wa karta "naipe". Zuciyar da kika zana da jan biro kuwa tana cikin alamomin da Faransawa suka tsara wajen 1480, sun sauƙaƙa alamomin ne don buga su ya yi arha.

Maman Ikram:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Direba, na bi shawararka, jiya muka zauna da karta biyu, ta Babanmu da sabuwa. Ummu Sadik, dokarki ita na fara karantawa, na ajiye agogo a gefe.

Wayoyi na tattara na kife a kan firiji, babbar ta kumbura fuska na minti goma, daga nan ita ce mai ihun an yi mata maguɗi. Wadda ta ba ni mamaki surukata ce. Da farko cewa ta yi ita ba ta gani sosai, a bar ta ta yi kallo. Aka lallaɓa ta ta karɓi biyar. Sau uku a jere tana cinye mu, tana ta "au, na gama ne?" Sai a zagaye na huɗu ƙaramin ya leƙa ya ga ta zauna a kan takardu biyu. Maigidan ya yi dariya har da hawaye, ya ce haka take yi musu tun suna yara.

Ɗalibi, cakuɗa sau bakwai ta gagare ni, duk sai su watse a ƙasa. Kwalin nan kuwa sau biyu yana faɗowa hannun ƙaramin, kuma ya ƙi jefa shi ko da ya dace, wai nasa ne. Yanzu rigimar da ake yi ita ce ko mai riƙe da shi zai iya cin wasa in shi kaɗai ya rage masa. Baba, ku a wurinku ya za ku yanke wannan?