Addu'a a bakin keken ɗinki da batun taimakon masu bishara

Tela a Sabon Tasha:
Salama a gare ku 'yan'uwa. Ni tela ce, ga shi Kirsimeti ya gabato, ɗinki ya yi mini yawa. Da asuba ɗiban ruwa, shirya yara, sai shago. Da dare in na durƙusa, barci ke kwashe ni kafin in kai ga Amin. Ran Lahadi kuma Fastonmu ya yi wa'azi a kan masu bisharar EMS, wato ƙungiyar aika masu bishara ta ikilisiyar ECWA, da ke ƙauyuka, ya ce kowa ya riƙe su da addu'a da baiko. Maganar ta tsaya mini a rai, amma lokacin babu, kuɗin ma in na cire hayar shago da na makaranta, abin da ya rage ba ya taka kara ya karya. Ku yaya kuke yi?

Dattijon Ikilisiya:
'Yata, buɗe Nehemiya 2:4. Sarki Artashate ya tambayi Nehemiya abin da yake bukata, yana tsaye a bakin aikinsa na shayar da sarki, nan take ya yi addu'a a zuci sannan ya amsa. Bai nemi tabarma ba. Ƙafarki na kan keke, bakinki ai ba ya ɗinki. Duk rigar da kika ɗauka, ki ambaci mai ita a gaban Ubangiji, ki haɗa da mai bishara guda.
Kada ki raina addu'ar mace a cikin gida. A 1893 samari uku suka sauka Legas da niyyar shigowa ƙasarmu: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Mahaifiyar Gowans ce, can Kanada, ta zaunar da Bingham ta gaya masa nauyin da ke zuciyarta har ya taso. Cikin 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent a Bida, Bingham kaɗai ya koma gida. Daga wannan tushe ƙungiyar mishan ta SIM ta fito, ikilisiyar ECWA da ta haifa kuma ta tsaya da ƙafarta a 1954. Ita uwar ba ta taɓa taka ƙasar nan ba.

'Yar Mai Bishara:
Yaya, ni a irin ƙauyukan nan na girma. Ba a cika jin wannan a bagade ba, amma abin da ya fi cin ran Baba shi ne shiru, wata da watanni ba wanda ya tambayi lafiyarmu. Ranar da Zumuntar Mata ta aiko da masara, sabulu da kayan makaranta, Mama kuka ta yi. Ke da ke da keke, ragowar yadi ma ta isa ki fitar wa yaro riga. Ki roƙi Fasto lambar matar wani mai bishara, ki riƙa kira kina jin ainihin damuwarsu: babur ya lalace, yaro ba lafiya, taki ya yi tsada. Filibiyawa ma haka suka yi wa Bulus, suka aika masa har Tasalonika ba sau ɗaya ba.

Direban Kaduna zuwa Jos:
Baba Dattijo, a gafarce ni, ina da ƙari. Ni ma a kan sitiyari nake yawan addu'ata, amma na ga in ita kaɗai ce, hankali rabi na ga Allah rabi na ga ramukan hanya. Yesu kansa, a Markus 1:35, ya tashi tun da sauran duhu ya keɓe. Mama, ko minti 10 ne, ki rufe ƙofar shago kafin masu karɓar ɗinki su fara zuwa, tunda dare ya fi ƙarfinki. Kuɗi kuwa, ki bi ta hannun ikilisiya, kada ki tura wa duk wanda ya sa hoto a Facebook ya ce yana fagen bishara.

Tela a Sabon Tasha:
Na gode ƙwarai, Baba, da ku duka. Ragowar yadi kam buhu guda ne a ƙarƙashin tebur. Ƙanwata, in zan ɗinka wa yaran da ban gani ba, shekarunsu kawai zan tambaya, ko sai an aiko mini da awo?