Idan neman kuɗi ya zama jaraba: ku ba mu labarinku

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai wanda kasuwanci ya taɓa zame masa jaraba? Ina nufin asiri a rufe yake, amma zuciya ta ƙi zama. Harka ɗaya ba ta gama tsayawa da ƙafarta ba, ka riga ka fara lissafin ta biyu. Ko a sallah lissafin oda ke yawo a kaina, sai na yi sallama in rasa raka'a nawa na yi.

Wata 'yar uwa:
Wa alaikumus salam. Ni ba kuɗin ne suka kama ni ba, ƙarar shigowar saƙon banki ce. Da na ji ta sai jikina ya yi daɗi, bayan minti kaɗan in koma duba waya. Tsakar dare ma ina amsa kwastomomi, 'yata na jan zanena ina ce mata "bari in gama". Wata uwar ɗakina da ta daɗe a sana'ar ce ta fara gano ni. Ba ta yi mini wa'azi ba. Cewa ta yi in rubuta mata lokacin da nake rufe harka kullum, in turo mata. Kunyarta ta sa na fara kiyayewa.

Wani dattijo:
Ɗana, ni sai da jinina ya hau na saurara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2021 cewa aikin awa 55 ko fiye a mako yana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin ɗari. Malamina kuwa ya tuna mini abin da Salmanul Farisi ya faɗa wa Abud Darda'i, Annabi (SAW) kuma ya gaskata shi: Ubangijinka yana da hakki a kanka, jikinka yana da hakki, iyalinka ma suna da hakki. Ka lura, Abud Darda'i ibada ce ta cinye shi, aka ce ya rage. To ina ga mu da ciniki ya cinye?

Wani matashi:
Baba, da gaskiyarku, amma ina tsoron a mai da mai ƙwazo kamar mai laifi. Suratul Jumu'a ta ce a bar ciniki idan an kira sallah, ta kuma ce idan an idar a watsu a nemi falalar Allah. Har yanzu ina neman uban gidan da zai tsawata mini ba tare da ya kashe mini gwiwa ba. Wanda ya samu irinsa, ta yaya ya same shi?