Batir ya yi yoyo a A501 na Amiga 500: a gyara ko a haƙura?

Ɗan_Gwammaja:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Da muna kwashe kayan marigayi kawuna na tsinci tsohuwar kwamfuta Amiga 500 a ƙasan akwatin ƙarfe, naɗe da tsohon zani. Daga Ingila ya zo da ita lokacin da ya gama karatu, kuma a kanta na fara taɓa kwamfuta ina ɗan firamare, shi ya sa ban iya barinta ta tafi wurin 'yan gwangwan ba.

Idan na zare A501, wato allon ƙarin RAM 512KB da ake sakawa ta ƙofar da ke ƙasan na'urar, tana tashi lafiya har hannun nan mai riƙe da faifai ya bayyana. Kickstart ɗinta, wato manhajar da ke tayar da na'urar, 1.3 ce. Da na mayar da shi, wani lokaci ta kai Workbench (fuskar aikinta), wani lokaci jan akwatin Guru Meditation mai nuna na'urar ta faɗi ya hau ƙyaftawa. SetClock, umarnin saita agogo, kuma ta ce ba ta ga agogo ba. Na leƙa ta gefen gwangwanin da ya rufe allon, na hango wani abu fari-fari kamar gishiri, ƙafafun kayan sun yi kore. Sana'ata gyaran waya ce, na saba da dalma da mita, amma ban taɓa buɗe abin da ya kusa sa'ata a shekaru ba. Ta ina zan fara?

Baba_Mai_Rediyo:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan kawunka. Yaro, kafin komai daina saka allon nan a cikin na'urar. Cikin gwangwanin akwai batirin agogo mai kama da 'yar ganga, NiCd ne mai volt 3.6, kuma kowane irinsa in ya haura shekara talatin sai ya yi amai. Gwangwanin da dalma aka kama shi, don haka narka za ka yi wuri-wuri, ka tsotse dalmar, sannan ka ɗaga. Kada ka sa sukundireba ka ɓamɓare, za ka tafi da layukan jan ƙarfen.

Batirin kuwa yanke ƙafafunsa da fulaya tukuna, daga baya ka zare guntayen. Dalmar da wannan ruwa ya ci ba ta narkewa da daɗi, sai ka ɗora mata sabuwa a kai.

Mutane suna ce masa asid, alhali ba asid ba ne. Dangin ruwan toka ne da kanwa, to me ke kashe kaifin kanwa a tukunya? Tsami. Samo farin ruwan khal, ka ɗiga da auduga inda ya yi kore, za ka ga yana 'yar kumfa. Ka goge da tsohon buroshin haƙori, ka ɗauraye da ruwa mai tsabta, ka bi da sifirit ɗin da kuke wanke fanel da shi, ka bar shi kwana guda ya bushe. Tunda hunturu muke ciki, taɓa ƙarfe kafin ka taɓa allon, wutar jikin mutum ma tana kashe waɗannan ai-si (IC) ɗin da ke kan allon.

Aikin gaske yana bayan wanka. Sa mita a kan ƙara, ka bi layukan da ke kewaye da mazaunin batirin ɗaya bayan ɗaya, musamman ƙananan ramukan da ke haɗa saman allon da ƙasansa. A ido sai ka rantse lafiya suke, ciki kuwa an cinye. Inda ya yanke ka yi masa jamfa da siririyar waya, wannan ai ba sai na koya wa mai gyaran waya ba.

Ummu_Hanan:
Na ƙara a kan abin da Baba ya faɗa. In za ka sa batirin CR2032, mai kama da kwabo, a madadin tsohon batirin, kada ka jona kai tsaye. Allon yana cajin tsohon batirin duk lokacin da na'ura ke kunne, shi kuma CR2032 ba a cajinsa. Sa dayod tsakanin ƙafar + ta batirin da allon, ɓangaren zoben yana kallon allon. Dayod BAT85 ya fi, don bai cika rage wuta ba. Ai-sin agogon, wanda galibi OKI MSM6242 ne, yakan tashi a rikice, sai ka buga setclock reset kafin ka saita lokaci.

Sannan tunda za ka kunna ayon, duba uwar allon. In ƙirar Rev 6A ce mai Agnus 8372A (ai-sin da ke kula da RAM), gyara mahaɗan JP2 da JP7A da ke kanta kawai zai mayar da wannan 512KB ɗin Chip RAM, wato RAM ɗin da masu sarrafa hoto da sauti ke iya amfani da ita, ka samu 1MB cur. Yadda take yanzu tana zaune ne a adireshin $C00000: tana jiran layi ɗaya da Chip RAM, ba ta da saurin Fast RAM na gaske (RAM ɗin da furosesa kaɗai ke amfani da ita), kuma masu sarrafa hoto da sauti ba sa iya kai hannu gare ta. Ni na yi wa tawa, manhajar zane ta Deluxe Paint ta samu wurin numfashi.

Baba_Mai_Rediyo:
Hajiya, a nan kam mun raba hanya. Akwai tsofaffin wasannin da suke neman RAM ɗin a $C00000 ɗin nan, in ba su same ta ba sai su tsaya cik. Kuma da zarar an yanke JP2, na'urar ta dogara da allon nan ke nan. Allon da bai gama jinya ba za a ɗora wa wannan nauyi? Kayan gado ne, ni ba zan sa masa reza ba.

Ɗan_Gwammaja:
Baba, Hajiya, Allah ya saka da alheri. Gardamar ta mutu da kanta: tawa Rev 5 ce, Agnus 8371, sai an canza ai-sin ma kafin a fara zancen, kuma na ga soket ɗinsa mai ƙafa 84, ba ni da zuciyar zaƙulo shi.

Na buɗe gwangwanin ranar Asabar. Allon irin mai ai-si 16 ne. Layi uku suka yanke, ɗaya a cikin ramin da Baba ya ce, wanda da ido na bi da na wuce shi. Na yi musu jamfa, na bar Amiga Test Kit tana gwada RAM tun bayan La'asar har Isha, ba kuskure ko ɗaya, Guru bai sake leƙowa ba. Agogo ma ya samu bayan setclock reset.

Saura abu guda: a kwana biyu agogon ya yi latti da kusan minti huɗu. Akwai wani ɗan kafasito mai kan sukuru kusa da kiristal ɗin, shi ma ya sha ruwan batirin. In murɗa shi ne, ko in cire in sa sabo?